Riƙe Bayan Gida Bayan Aikin Dubura: Darasi ga Majiyyaci da Iyalinsa

 Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka za mu kira abubuwa da sunayensu a cikin wannan darasi, tare da neman afuwar manya.

Akwai mutanen da likita ya yi wa aiki a dubura, aikin ya yi kyau, rauni ya warke, aka sallame su, amma da suka koma gida sai suka tarar da wata damuwa wadda ba su iya faɗa wa kowa. Bayan gida yana matsa musu ba shiri. Iska tana kuɓuce musu a cikin mutane. Wani yakan shiga makewayi sau takwas kafin azahar. Daga nan sai ka ga ɗan kasuwa ya bar wa yaronsa rumfa a kasuwar Dembe, ya daina zuwa jam'i, ya ƙaurace wa suna da ɗaurin aure. Wata kuma ta rage cin abinci don gudun abin kunya, har ta rame ta rasa ƙarfin warkewa.

Ka sani cewa wannan hali sananne ne a wurin likitoci. Yana da dalili a cikin ginin jiki, akwai hanyar auna shi, kuma mafi yawan masu fama da shi suna samun sauƙi idan suka bi matakan da za mu zayyana.

1. Yadda jiki ke riƙe bayan gida

Abincin da ka ci yakan bi ta ciki da ƙaramin hanji, ragowarsa ta faɗa babban hanji tana ruwa-ruwa, kimanin lita ɗaya da rabi a kowace rana. Babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kusan mita ɗaya da rabi, shi ke tsotse ruwan har bayan gida ya yi kauri.

A ƙarshen babban hanji akwai wani sashe mai tsawon santimita 12 zuwa 15, wanda za mu kira ma'aji. Yana buɗewa kamar jakar fata, ya ajiye bayan gida har ka sami lokaci da wuri. A ƙasansa akwai mafita mai tsawon santimita 3 zuwa 4, wadda zobba biyu na tsoka suka kewaye. Zoben ciki yana matse da kansa dare da rana, ko kana barci, ba ya jiran umarninka. Zoben waje kuwa yana hannunka, shi kake matsewa idan iska ta taso kana tsakiyar ciniki. Fatar da ke cikin mafitar tana da jijiyoyi masu saurin ji, su ke shaida maka cewa abin da ya sauko iska ce, ko ruwa, ko mai kauri.

Ashe abubuwa huɗu ne suka taru suka ba ka ikon riƙewa: kaurin bayan gida, faɗin ma'aji, ƙarfin zobba, da lafiyar jijiyoyi. Idan ɗaya ya raunana, sauran uku ne ke ɗaukar nauyinsa. Wannan shi ne tushen duk shawarwarin da ke tafe.

2. Abin da aiki ke canjawa

Aikin dubura iri-iri ne, kuma kowanne da abin da yake taɓawa.

Mafi girma shi ne na ciwon daji. A shekarar 1908 wani likita a Landan, Ernest Miles, ya bayyana aikin cire ma'aji tare da mafita gaba ɗaya, a buɗe wa hanji ƙofa a jikin ciki inda bayan gida zai riƙa zuba a jaka har ƙarshen rayuwa. Ana yin wannan aiki har yau idan ciwon ya sauko ƙasa ƙwarai. A 1982 wani likitan Ingila, Bill Heald, ya nuna yadda ake cire ma'aji tare da kitsen da ke kewaye da shi tsaf, abin da ya rage dawowar ciwon sosai. Yanzu mutane da yawa ana cire musu ma'aji, a janyo hanjin sama a haɗa shi da mafita, su ci gaba da bayan gida ta hanyar da suka saba. Sau da yawa akan sa musu jaka ta ɗan lokaci, wata biyu zuwa shida, har ɗinkin ciki ya kama, sannan a rufe ƙofar.

To, amma hanjin da aka janyo bai saba ajiya ba, turawa ya sani. Ba ya buɗewa kamar ma'ajin asali, kuma wasu jijiyoyi sukan taɓu a wurin aiki. Damuwar takan fi tsanani idan ɗinkin yana kusa da mafita, ko an haska wurin da na'urar ƙona daji kafin aiki, ko an daɗe da jaka kafin a rufe.

Akwai kuma ƙananan ayyuka. A aikin basir ana cire kumburarrun matasan jini waɗanda a da suke taimakawa wajen toshe mafita, shi ya sa wasu kan ga ɗan laima a wando na 'yan makonni. A aikin ƙurjin da ya huda hanya yana zubar da mugunya a gefen dubura, hanyar takan ratsa ta cikin zobba, don haka likita kan zura zare ya bar shi na wani lokaci don kada ya yanke tsoka da yawa. A aikin tsagewar dubura kuwa, wani lokaci da gangan ake ɗan yanka zoben ciki don ya saki.

A nan akwai gargaɗi. Yankan basir a gida, ko ƙona shi da wani magani mai cin nama, yana iya lalata zobba ko ya bar tabon da zai tsuke mafita. Gyaran irin wannan ɓarna ya fi aikin farko wuya nesa ba kusa ba.

3. Abin da za ka gani, da tsawon lokacinsa

Wanda aka cire wa ma'aji yakan ga wasu daga cikin waɗannan: yawan zuwa makewayi, matsuwar da ba ta ba shi ko minti biyu, fita kaɗan-kaɗan, ya tashi ya koma, ya tashi ya koma a cikin awa guda, jin kamar bai gama ba, kasa bambanta iska da ruwa, ɓata wando da dare. Wasu kuma akasin haka suke gani, sai su yi kwana biyu ba su fita ba, rana ta uku su wuni suna zarya.

Mafi yawan waɗanda aka yi wa wannan aiki suna ganin wani canji, kuma binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kimanin huɗu cikin goma suna samun mai tsanani. Watannin farko su ne mafi wuya. Sauƙi yakan zo a hankali a cikin shekara ta farko, ya ci gaba har wajen shekara biyu. Abin da ya rage bayan haka yakan zauna, amma ko shi ana rage shi da dabara da magani. Masu ƙananan ayyuka kuwa, yawancinsu suna komawa daidai cikin makonni ko 'yan watanni.

Kada ka auna kanka da jiya. Ka auna kanka da watan da ya wuce, don sannu ba ta hana zuwa.

4. Auna halinka da tambayoyi biyar

A shekarar 2012 likitoci a birnin Aarhus na ƙasar Denmark suka fitar da ma'auni mai tambayoyi biyar domin waɗanda aka cire wa ma'aji. Ga ma'anarsa, da makin kowace amsa:

Ta ɗaya, iska tana kuɓuce maka? Idan ba ta yi, 0. Idan ƙasa da sau ɗaya a mako, 4. Idan sau ɗaya a mako ko fiye, 7.

Ta biyu, bayan gida mai ruwa yana zubo maka ba da saninka ba? Idan a'a, 0. Idan yana faruwa, 3.

Ta uku, sau nawa kake fita a yini da dare? Sau 1 zuwa 3, maki 0. Sau 4 zuwa 7, maki 2. Fiye da sau 7, maki 4. Idan ba kullum kake fita ba, maki 5.

Ta huɗu, kana komawa makewayi kafin awa guda ta cika da fitowarka? A'a, 0. Ƙasa da sau ɗaya a mako, 9. Sau ɗaya a mako ko fiye, 11.

Ta biyar, matsuwa tana sa ka gudu zuwa makewayi? A'a, 0. Ƙasa da sau ɗaya a mako, 11. Sau ɗaya a mako ko fiye, 16.

Ka haɗa makin. Daga 0 zuwa 20, babu damuwar a-zo-a-gani. Daga 21 zuwa 29, damuwa ce ƙarama. Daga 30 zuwa 42, babba ce, tana bukatar kulawar likita. Ka riƙa yin wannan lissafi duk farkon wata kana rubutawa a bayan katin asibiti. Amfaninsa biyu ne: za ka ga ci gabanka da idonka, kuma idan nauyin baki ya hana ka bayani a gaban likita, lambar za ta yi magana a madadinka.

5. Abinci da abin sha

Daga cikin abubuwa huɗun da muka ambata, kaurin bayan gida ne ya fi sauƙin gyarawa. Zoben da ya raunana yana iya riƙe mai kauri, amma ruwa yakan fi ƙarfinsa. Abin da ake nema shi ne bayan gida mai laushi, a dunƙule, wanda ke fita ba tare da nishi ba.

Kada ka yi wa kanka horon yunwa. Hanjin da babu komai a cikinsa yakan tara iska da ruwa, jiki kuma ya rasa abin gina rauni. Ka ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini maimakon cika ciki sau biyu, ka tauna sosai, ka ci na dare da wuri don ka sami barci.

Abubuwan da kan ƙara kauri sun haɗa da farar shinkafa da tuwonta, ayaba, dafaffen dankali, burodi, taliya, da kunu mai kauri. Kifi, ƙwai da nama marar kitse suna gina jiki ba tare da tayar da hanji ba. Mutane da yawa suna jin daɗin miyar kuɓewa idan ba a cika mata mai da barkono ba.

Abubuwan da kan tsinka ciki ko su gaggauta shi sun haɗa da barkono da yajin tsire da na kilishi, soye-soye masu maiƙo, shayi mai ƙarfi, gahawa, goro, tsamiya, mangwaro idan ya yi yawa, da barasa kowace iri. Madara da nono suna tsinka wa wasu ciki, wasu kuma ba sa yi musu komai. Wake, albasa, kabeji da lemon kwalba suna ƙara iska. Jiƙon kanwa da filasko kuwa masu wanke ciki ne, ka nisance su sai da izinin likita.

Jiki ya bambanta, don haka kada ka haramta wa kanka komai a rana ɗaya. Ka sami ɗan littafi, ka riƙa rubuta abin da ka ci da yadda cikinka ya yi. Ka janye abu ɗaya na mako guda ka gani. Idan babu canji ka mayar da shi, ka gwada wani. Abin da ya dame ka a wata na biyu yana iya zama lafiya lau a wata na takwas.

Kada ka rage shan ruwa. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini shi ne gwargwado, ka ƙara a watannin Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Njamena ke haura digiri 40. Ka riƙa kurɓa tsakanin abinci maimakon kwankwaɗa a kan abinci. Mai jaka a ƙaramin hanji ya fi kowa haɗarin bushewar jiki. Idan abin da ke zuba a jakar ya zama ruwa tsinkakke kuma ya yi yawa, ko fitsari ya ragu ya yi ja, a ba shi ruwan gishiri da sukari, wanda ake kira SRO a Chadi da Kamaru, ORS a Najeriya, sannan a kai shi asibiti. Idan babu na ƙunshi, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

6. Horar da tsoka da hanji

Zoben waje tsoka ne kamar na hannu, yana ƙarfi idan ana motsa shi. Wani likitan Amurka, Arnold Kegel, shi ya yaɗa wannan horo a 1948 domin mata bayan haihuwa, kuma yanzu ana koya wa maza da mata. Ka fara shi idan likitan da ya yi maka aiki ya ba ka izini. Mai jaka ta ɗan lokaci ma yana iya farawa kafin a rufe ta.

Ka zauna ko ka kwanta. Ka matse dubura kamar mai riƙe iska, ka ɗan ja ta sama. Kada ka matse cinyoyi ko ɗuwawu, kada ka riƙe numfashi. Ka ƙirga biyar, ka saki, ka huta ƙirgen goma. Ka yi haka sau goma, sannan ka yi matsi goma masu sauri. Ka maimaita sau uku a yini, kana ƙara tsawon riƙon har ya kai ƙirgen goma. Babu wanda zai san kana yi, ko kana zaune a rumfa ko a cikin mota. Sai an yi kamar wata uku ba fashi kafin a ga amfaninsa sosai.

Sai horon jinkiri. Idan matsuwa ta zo kana gida, kada ka zabura da gudu, don gudu da fargaba suna ƙara tura hanji. Ka tsaya cik, ka matse zobe, ka yi numfashi a hankali har matsuwar ta lafa, sannan ka taka. Ka fara gwadawa a bakin makewayi, ka jinkirta minti ɗaya, bayan kwanaki ka kai biyu, har biyar, har goma.

Hanji yakan motsa da kansa bayan an ci abinci, musamman na safe. Ka yi amfani da wannan: ka karya kumallo da wuri, ka ba kanka lokaci a gida har ciki ya sauke, sannan ka fita kasuwa. Tsuguno yana taimaka wa fita, wanda ke amfani da masan zama kuma ya ɗora ƙafafunsa a kan 'yar kujera. Kada ka yi nishi, kada ka wuce minti goma. Idan bai fita ba ka tashi, ka dawo daga baya.

7. Magani

Maganin da aka fi bayarwa shi ne loferamid, wanda ake sayarwa da sunan Imodium da wasu sunaye. Yana rage gudun hanji, ya ba shi damar tsotse ruwa. Akan fara da ƙwaya ɗaya mai miligiram 2, rabin awa kafin abincin da ya fi tayar maka da ciki, likita ya ƙara ko ya rage gwargwadon hali. Ba a wuce miligiram 16 a yini. Ba a shan sa idan akwai zazzaɓi, ko jini a bayan gida, ko ciki ya kumbura, kuma ba a ba yara sai da umarnin likita. Akwai kuma garin da ake damawa a ruwa mai haɗe kan bayan gida, wanda likita kan rubuta wa masu fita kaɗan-kaɗan.

Ka sayi magani a kantin magani mai rajista. Na masu talla a bakin titi, waɗanda ake kira dokta cuku, ya sha rana, kuma babu tabbacin abin da ke cikinsa. Ka guji tiramadol don tsayar da ciki, yana kama mutum ya zame masa jaraba. Kada kuma ka riƙa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta duk lokacin da ciki ya tsinke, don shi kansa yana haddasa zawo.

Idan an yi watanni ana bin waɗannan matakai maki bai sauka daga 30 ba, akwai sauran hanyoyi. Akwai wanke ƙarshen hanji da ruwa mai ɗumi a ƙayyadadden lokaci, wanda ke ba mutum yini guda ko biyu cikin natsuwa. Ma'aikacin lafiya ne ke koyar da shi bayan likita ya tabbatar ɗinki ya warke, kada ka gwada da kanka. Akwai gyaran zoben da ya yage. Akwai kuma waɗanda suka zaɓi a mayar musu da jaka, suka koma kasuwancinsu da tafiye-tafiyensu hankali kwance.

8. Tsabta da kare fata

Yawan fita yana sa fatar wurin ta yi ja, ta saɓule, ta riƙa zafi. Tsarki da ruwa ya fi goge-goge. Ka wanke da ruwa zalla, ba sabulu mai ƙamshi, ba Dettol, ka tsane da tsumma mai laushi ba tare da gurzawa ba. Sannan ka shafa man zinki ko basilin ya zama katanga tsakanin fata da laima. Ka sa wandon ciki na auduga, ka sanya ƙyalle mai tsabta ko audugar mata, wadda maza ma suna iya amfani da ita, ka canja da zarar ta jiƙe. Ka wanke hannu da sabulu kowane lokaci, balle idan abinci kake sayarwa. Da damina, idan ruwa ya cika masai a unguwa kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta 2024, a tanadar wa majiyyaci fo mai murfi a ɗaka.

9. Kasuwa da tafiya

Bayan aikin da aka buɗe ciki, kada ka ɗaga buhu ko jarka har sai an yi aƙalla mako shida kuma likita ya yarda. Idan ka koma kasuwa, ka fara da rabin yini. Ka san makewayi mafi kusa da rumfarka, ka shirya da maƙwabcin da zai duba maka kaya. Ba sai ka yi masa dogon bayani ba, «an yi mini aiki a ciki» ya wadatar. Ka riƙe 'yar jaka mai wando, ƙyalle, leda, sabulu da man shafawa, da butarka.

Idan za ka ƙetare gadar Ngeli zuwa Kuseri, ko ka yi doguwar tafiya ta Fotokol da Gamboru zuwa Maiduguri ko Kano, ka tuna da jiran da ake yi a kan iyaka. Ka ci abu mai sauƙi a daren tafiya, ka bar shayi da goro da safe, ka sha maganinka yadda likita ya tsara, ka nemi kujerar bakin ƙofa. Ka ɗauki magani da jakunkunan da za su wuce kwanakin tafiyar.

Abu mafi muhimmanci shi ne takardar bayanin aikinka, wadda a asibitocin Chadi da Kamaru ake kira compte rendu opératoire. Ka nemi a ba ka ita kafin sallama, tare da sakamakon gwajin naman da aka cire. Ka ɗauki hotonsu a waya. Mutanenmu da yawa an yi musu aiki a wata ƙasa suna zaune a wata, a rubuta takarda da Faransanci a karanta ta a inda ake Ingilishi, ko akasin haka. Likitan da bai san abin da aka cire maka ba, da inda aka ɗinke, zai yi ta lalube ne a cikin duhu.

10. Alamun da ba a kwana da su

Ka tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, musamman a makonni biyu na farko bayan aiki, lokacin da ɗinkin ciki ke iya ɓallewa:

zazzaɓi tare da ciwon ciki ko na ƙugu mai tsanani;
kumburin ciki da amai, babu iska babu bayan gida;
jini mai yawa ko guda-guda, ko mugunya daga dubura;
kasa yin fitsari;
zawo kamar ruwan shinkafa, da jiri da bushewar baki;
iska ko bayan gida suna fitowa ta gaban mace, ko a cikin fitsari.

Kada a tsaya cewa zazzaɓin sauro ne a sha magani a kwanta. A gaya wa duk ma'aikacin da aka fara gani cewa an yi aikin hanji, a faɗi ranar. Daga Chagoua, asibitin Bon Samaritain yana ƙetaren gada a Walia, Babban Asibitin Ƙasa kuma yana cikin gari, dukansu suna da likitocin fiɗa.

Akwai alamun da ke zuwa daga baya, waɗanda ke bukatar ganin likita a cikin mako: sabon jini bayan an daɗe ba a gani ba, bayan gida yana sirancewa yana wuyar fita, rama ba dalili, ko hali ya koma baya bayan ya gyaru. Wanda aka yi wa aikin daji ana bibiyarsa shekara biyar da gwajin jini da hoto. Kada jin sauƙi ya sa ka yanke zuwa.

11. Ibada da zaman iyali

A mazhabar Imamu Malik, wadda mafi yawan Musulmin wannan yanki ke bi, malamai sun yi bayanin lalurar da suke kira salasi, wato fitar abu ba da ikon mutum ba. Idan ta lazimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ta warware alwala. Ka kai wa malaminka bayanin halinka a keɓe, ya faɗa maka hukuncin da ya dace da kai, ka shawarci likita kuma kafin azumi. Mai zuwa coci shi ma ya zauna kusa da ƙofa, kada ya yanke zuwa.

Jijiyoyin fitsari da na saduwar aure suna maƙwabtaka da ma'aji, don haka aiki kan taɓa su. Namiji na iya samun rauni, mace na iya jin zafi ko bushewa. Wannan ma a faɗa wa likita, akwai taimako.

Ke kuma 'yar'uwa, idan rashin riƙewar ya same ki ne bayan doguwar naƙuda ko yagewa wurin haihuwa, ki sani ana gyara shi. Akwai cibiyar masu yoyo a nan Njamena, akwai ta Babbar Ruga a Katsina, da ta Danja kusa da Maraɗi. Kada ki bari shekaru su wuce kina ɓoye a ɗaka.

Ku kuma iyali, rabin maganin yana hannunku. Kada ku ware masa kwano, lalurar ba ta yaɗuwa. Ku bar masa hanyar makewayi a buɗe, da fitila da ruwa da dare. Ku rage barkono a tukunya, mai so ya ƙara a kwanonsa. Idan tsautsayi ya faru, a kawo ruwa da wani tufafi ba tare da magana ba, a kuma tsawata wa yara kada su yi dariya. Idan kuka ga ya daina fita, ya daina magana, ya daina cin abinci, ku raka shi wurin ma'aikacin lafiya, don baƙin ciki ma ciwo ne da ake magani.

12. Aikin wannan mako

Kafin mako ya zagayo, ka yi abubuwa biyar. Ka amsa tambayoyin nan biyar ka rubuta makinka da kwanan wata. Ka buɗe littafin abinci. Ka tambayi likita izinin fara matse zobe. Ka haɗa 'yar jakar fita. Ka nemo takardar aikinka ka ɗauki hotonta. Idan akwai abin da bai fito maka sarai ba, ka zo da wannan takarda cibiyar lafiya mafi kusa da kai, ka nuna wa ma'aikaci sashen da ya shafe ka, a karanta tare. Sirrinka amana ne a wurinmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.